Jan Birona a Ƙwaryar Malama Rabi

Tun da na dawo daga Gafasa ba ni da sakat a majalisarmu ta ƙofar shagon Tela Garba. Kowa ya zauna sai ya tambaye ni ina yaron, ba na ce ɗauko shi zan yi ba? Wani ya ce surukai sun fi ƙarfina, wani ya ce nonon Fulani ne ya ɗaure min baki. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya tambaya in miƙa masa. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, takardar malanta kawai gare ni, ita ma a karatun hutu na haɗa ta. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri, zai tarar da waɗanda suka fi shi girma a ciki.

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a nan Gaya. A ajina akwai wani benci can baya, kusa da tagar da ta ɓalle, ni na raɗa masa suna bencin wutsiya. Duk ranar Juma'a in na raba takardun gwaji, biyar na ƙarshe su kwashi jakunkunansu su koma can, sauran yara suna buga tebur. Na ɗauka kunya za ta sa su zage damtse. Bara ɗana na fari ya shigo ajina. Sunan mahaifina aka sa masa, don haka Abba ake ce masa, ni kuwa ko Abban ba na faɗa. In ina kiran rajista na zo kansa sai in ce "kai", ya ce "ga ni". Zango uku ya yi a bencin wutsiya bai motsa ba. A katin sakamakonsa na ƙarshe na rubuta da jan biro: "Daƙiƙi ne, ba ya ji."

Da aka yi dogon hutu, uwarsa ta roƙe ni ya je Gafasa, can ƙasar Ajingi, wurin wanta Buba ya taya shi kiwo. Aka koma makaranta, Abba bai dawo ba. Sai saƙo ya zo cewa Buba ya sa shi aji uku a makarantar can, kuma yaron ya ce ba zai sake zama a ajina ba. Bana ce shekarar jarrabawarsu ta fita. Shugaban makarantarmu ya ce min mako mai zuwa zai rufe sunayen masu zana ta, in yaron bai dawo ba zai cire shi. Na rantse a gaban uwarsa zan dawo da shi a bayan babur ko da ɗaure shi zan yi. Ta haɗa wa wanta tsarabar goro da sukari da sabulu a buhu, ta ɗora hular Abba da ya manta. Da ta juya baya na naɗe bulalata na cusa a ciki.

Ranar Laraba na tashi, bayan azahar. Kaka ce, hanya cike da amalanken shanu ɗauke da gero, an shanya gyaɗa har kan kwalta, sai ka yi ta kauce-kauce. Iyakar Gaya da Ajingi ba wata iyaka ba ce, allo ne guda da ya yi tsatsa, an manna masa hotunan 'yan takara har ba a ganin rubutun. Daidai nan tayar baya ta sace. Na tura babur ina zufa har wata rumfar mai faci a gindin maina.

Mai facin dogo ne mai gemu, zai yi shekara talatin. Ya cire tayar yana satar kallona, can ya ajiye guduma.

"Malam, ba ka gane ni ba ko? Habu ne. Habu Wutsiya."

Na ce na gane shi, alhali ban gane ba. Ya ce shekara uku ya yi a bencin nan, har ya sassaƙa sunansa a ƙasansa da ƙusa. Ya tambaya ko bencin yana nan. Na ce yana nan. Ya yi dariya ya ce Allah ya ja kwanansa, ya fi su duka daɗewa a makarantar. Bayan rumfar na ga injinan ban ruwa jere, ya ce har daga Kademi ake kawo masa gyara. Yana tsoma tiyub a ruwa yana neman huji, ya tuna min wata rana da sarƙar babur ɗina ta zame a filin makaranta, ya mayar min da ita da hannu kafin in gama tsaki. Ya ce abin da na faɗa masa shi ne, da haka yake lissafi da ya huta. Ba da fushi ya faɗa ba, kamar labarin wani yake bayarwa. Ni ko ranar ban tuna ba.

Ya tambayi inda na nufa, na ce gaisuwar surukai. Ya dubi buhun, ashe bakin bulalar ya leƙo.

"Da wannan ake gaisar da su yanzu, Malam?"

Na tura ta ciki, na hau babur na kama hanya.

Rabona da Gafasa tun sunan 'yar Buba ta biyu, hanyar ta ɓace min. Da na bar kwalta sai yashi. Mu a Gaya in ka tambayi hanya za a ce maka ka wuce gidan mai ka karya kwana a masallaci. Can kuwa da kuka da rijiya ake kwatance, kuma kowace kuka a idona ɗaya ce. Wani dattijo ya ce in bi mai reshe biyu, na duba na ga duk rassansu sun fi biyu. Ina cikin waige-waige tayar gaba ta nutse, ni da babur muka kwanta a gefen wata gonar gyaɗa. Matan da ke tsinka suka rufe baki da mayafi, kafaɗu suna rawa. Wata tsohuwa ta zo ta karkaɗe min hula, ta ce mutanen gari ba su san yashi ba a yi masa gardama, lallaɓa shi ake yi. Ledar sukari ta fashe, rabi ya tafi ga tururuwa. Ta cika min aljihu da ɗanyar gyaɗa, ta nuna min hanyar da leɓe.

Gab da magariba na isa gidan Buba. Bafulatani ne da ya zauna wuri ɗaya tun zamanin mahaifinsu, yana noma yana da 'yan shanunsa. Ni na zo da magana a bakina tun daga Gaya, amma a gidan ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya kwana. Duk lokacin da na gyara murya sai Buba ya tambayi damina, ko lafiyar ƙanwarsa, ko yadda gero ya yi a wajenmu. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, mai kauri, ludayi yana tsayawa a ciki. A gida da na sha wannan na gama, can kuwa share fage ne. Tuwon gero ya biyo baya da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai.

Muna zaune shanu suka dawo. Abba ne a bayansu da sanda a kafaɗa. Ya yi baƙi, ya ƙara tsawo. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Na ce yauwa. Ya tashi ya tafi ɗaure maruƙa, ban sake ganinsa ba ranar. A zaure aka yi min shimfiɗa, ni da buhunan gyaɗa da sauro.

Da muka dawo sallar asuba na faɗa wa Buba abin da ya kawo ni. Ya ce ɗana ne, ba mai hana ni. Amma tunda an rubuta sunansa a makaranta, sai in je in karɓi takardar canji, in nemi malamar ajinsu, Malama Rabi. Ya juye tsarabar, ya ga bulalar, ya jujjuya ta, ya rataye a bangon zaure. Ya ce ta huta a nan, ita ma ta sha hanya.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na isa makarantar. 'Yan aji uku ba sa cikin aji, suna gindin wata maina, an jera bencuna an yi da'ira, ga allo jingine da itacen, ga akuya ɗaure a tsakiya. Malama Rabi gajeriya ce, za ta yi hamsin, an ɗaure ƙafar tabaronta da zare. Na gabatar da kaina, ban manta da shekara goma sha taran ba. Ta ce takardar aikin shugaban makaranta ne, ya tafi taro Ajingi sai azahar. Ta ce kafin nan in zauna, don a darasinta na Alhamis ba a tsayawa kallo, ko mai unguwa ne ya zo sai ya zauna an yi da shi. Wurin da ya rage a ƙarshen wani benci ne. Nan na raɓa. Abba yana can ɗaya gefen, kansa a ƙasa.

Yaron da ke kusa da ni ya yi min bayani a hankali. Duk Alhamis bayan hutun tara, Malama tana gayyato mai wata sana'a. An yi tela, an yi mai haɗa sola, makon jiya ungozomar asibiti ce. Tambaya uku ake yi wa kowa: yadda ya koya, wane darasin makaranta ne ya yi masa amfani, da abin da ya fi wuya a aikin. A ranar malamin dabbobi ne ya zo, wani Malam Sale, siriri mai fara'a, da jakar magani a rataye.

Ya amsa tambayoyin, sannan ya ɗaga wata kwalba. Ya ce maganin nan da nauyin dabba ake ba da shi, in ya yi kaɗan ba ya warkarwa, in ya yi yawa ya yi ɓarna, ga shi ba a yawo da sikeli a ƙauye. Ya tambaya wa zai kintaci nauyin akuyar. Yara suka haɗa baki suka kira Abba.

Ya tashi bai kalli inda nake ba. Ya shafa bayan akuyar, ya buɗe fatar idonta, ya duba dasashinta, ya rungume ta ya ɗaga kaɗan, ya faɗi nauyin. Ya ƙara da cewa jininta ya yi ƙasa, da alama tsutsar ciki ce. Malam Sale ya zagaya ƙirjinta da tef irin na tela, ya duba wani kati, ya ce kintacen yaron bai yi nisa ba. Sannan ya rubuta a allo: in kowane kilo goma awo kaza na maganin ake ba shi, wannan akuyar nawa za a ba ta?

Lissafin nan shi na yi zango uku ina koya masa da lemo da mangwaro. Abba ya karɓi alli ya fuskanci allo. Ya fara, ya kuskure a layi na biyu. Sai na ji hannuna ya kai aljihun gaba inda jan birona yake, ba tare da na aike shi ba. Ba wanda ya buga tebur. Malama ta ce ya bi a hankali, akuyar ba ta sauri. Ya goge da tafin hannu, ya dubi akuyar, ya sake. Ya samu. Malam Sale ya miƙa masa sirinji ya ce ya ja da kansa.

Bayan nan Malama ta ɗauko wata ƙwarya. Kowane mako ana zaɓar yara uku, kowa ya rubuta a 'yar takarda wani abu da ya gani da idonsa kowannensu ya iya. Ta hana rubuta "yana da kirki", sai abin da ya faru, da inda ya faru. Ba a sa suna a ƙasa. Ta kira yara biyu, na ukun ta ce Abba. Har yau ina zargin ba layinsa ba ne. Ta zo ta ajiye min takarda ɗaya a gwiwa, ta ce ni na mutum ɗaya kawai zan rubuta.

Na rage murya na ce mata ɗan fari ne, ta san al'ada.

"Na sani, Malam," ta ce, ita ma a hankali. "Amma alkunyar ba ta hana ka rubuta masa daƙiƙi ba, na ga katin. Ban ce ka faɗa da baki ba. Rubutawa za ka yi."

Ta wuce ta bar ni da farar takarda. Yara suna ta rubutu, wasu har sun juya bayan tasu. Ni zan iya faɗa maka wanda ya fi kowa saurin rabawa a ajina, da wadda ba ta taɓa kuskuren alama ba. Ɗan da aka haifa a ɗakina, shekara goma sha huɗu muna cin tuwo ɗaya, na rasa abu guda. Na yi tunanin in rubuta abin da na gani yanzu a allo in huta, amma na san ha'inci ne, kowa ya gani.

Akuyar ce ta yi kuka, sai wata safiya ta dawo min. Yana aji ɗaya, ya zo makaranta a makare, hannun rigarsa duk jini da ƙazanta. Na yi masa bulala shida a gaban taron yara ban tambaye shi komai ba. Da yamma maƙwabciyarmu Hajiya Ladi ta shigo yi wa uwarsa godiya. Ashe akuyarta ce haihuwa ta zo mata a juye, tana neman mutuwa, yaron ya sa hannu ya gyara ya ciro ɗan. Da uwarsa ta faɗa min, abin da na ce shi ne, akuyar ce za ta zana masa jarrabawa?

Na laluba aljihu, ba ni da wani biro sai jan. Da shi na rubuta. Na fara da sunansa na yanka, Sulaimanu, na ba da labarin akuyar Hajiya Ladi da ɗanta ɗaya da ya ceto. A ƙasa na ƙara: "Na dake shi ranar ban tambaya ba. Ni ne na yi kuskure." Na ninke na jefa a ƙwarya.

Malama ta riƙa zarowa tana karantawa. Wani ya ce Abba ya gane saniyar kawunsa ba ta da lafiya kwana biyu kafin ta kwanta. Wata ta ce ya cire wa jakinsu ƙaya bai harbe shi ba. Wani ya rubuta cewa ya iya cin ɗanwake, aka yi dariya, Malama ta ce wannan ma baiwa ce amma ba a ɗaukar aiki da ita. Ta zaro mai jan rubutu, ta gyara tabarau, ta karanta a zuci. Ta mayar ta ninke, ta haɗa da sauran ta damƙa wa Abba. Allah ya saka mata, ba ta tona ni ba.

Da aka tashi ta ce min yaron aikin Malam Sale yake so, kuma ta faɗa masa gaskiya, ba a kai wa can sai da kimiyya da lissafi. Tun daga ranar shi yake bin ta da tambaya. Ta ce ga shugaban makaranta can ya dawo, in na ce a rubuta takardar yanzu za a rubuta.

"Sai dai ka faɗa min, Malam, in ka kai shi wane benci za ka sa shi?"

Na shiga ofishin shugaban. Ban karɓi takardar canji ba. Roƙonsa na yi ya sa sunan yaron cikin masu zana jarrabawa a nan.

Bayan la'asar na yi sallama da Buba. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗaura min galan ɗin nono a bayan babur. Bulalar tana rataye, ni ban ɗauka ba, shi bai tuna min ba. Abba ne ya tura min babur a cikin yashin har bakin kukar da ake kwatance da ita. Na ciro hularsa na miƙa masa, na ce uwarsa ce ta aiko. Ya karɓa da hannu biyu. Sai ya zaro takardun daga aljihu, mai jan rubutun tana sama.

"Baba," ya ce yana kallon ƙasa, "'ya'yan biyu ne. Ka rubuta ɗaya."

Na karɓa, na ɗora a kan tankin babur, na soke ɗaya na rubuta biyu. Shekara goma sha tara ina yawo da jan biro, ranar na fara gyara takardar kaina da shi. Ya ninke ta ya mayar aljihu. Na tayar da babur, sannan ya ce in zan sake zuwa in taho masa da littafin lissafi na aji uku, nasu shafukan tsakiya sun zube. Na ce Asabar.

A iyaka na tsaya wurin Habu, wannan karon ba faci. Na roƙe shi ya zo makarantarmu ranar Alhamis da injin ban ruwa guda, ya kwance shi a gaban yara. Ya goge hannu da tsumma, ya tambaya a ina zai zauna. Na ce a kujerata. Ya ce a'a, bencinsa yake so, yana son ya ga ko sunansa yana nan.

Uwar Abba ta ga na shigo ni kaɗai da galan ɗin nono. Na faɗa mata yadda aka yi. Ta tashi ta ɗauko min ƙwarya a cikin jerenta, irin ta Malama Rabi, don ajina. Shugabanmu ya ba ni darasi ɗaya tak a mako na gayyato masu sana'a, wasu malamai suna ce min malamin akuya. Su faɗa. Ranar Litinin ni da kaina na ɗauko bencin wutsiya na kawo shi gaba, na kifa shi na duba. Sunan Habu yana nan, da wasu da yawa da ban ƙirga ba. A can ƙarshe akwai wani sabo, na Abba, bai yi duhu ba tukuna.

To, masu tambaya, yaron yana Gafasa, ni kuma duk Asabar ina kan yashin nan da littafi a buhu, faɗuwata biyu zuwa yanzu. Habu ya zo ya tafi. Alhamis mai zuwa Tela Garba ne, ya taho da tef da almakashi. Sauran 'yan majalisa kowa ya shirya, na rubuta sunayenku.